Citroën DS ko Fijo 504: wace ce ta bar gado a motocin yau?

Mai Zane: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana da nake so manyanmu su auna mini. Duk sanda aka ce motar Faransa, mu nan Fijo muke tunawa, kuma da dalili. Amma ni a ganina, in ana batun motar da ta sauya yadda ake ƙera mota a duniya, Citroën DS ce a gaba, 504 ba ta kama ƙafarta ba. A watan Oktoban 1955 aka fito da ita a bajekolin motoci na birnin Paris. Ranar farko kaɗai aka yi odar guda 12,000, kafin a tashi bajekolin an kai wajen 80,000. Ku nemo hotonta ku ajiye kusa da na sauran motocin wannan shekarar. Su duk dogaye ne a tsaye, da ƙatuwar raga a gaba. Ita kuwa hancinta a kwance yake, ba raga, iska ta ƙasa take shiga, gilashi ya zagaye ta, bayanta ya tsuke ya fi gaba ƙanƙanta. Yanzu ku dubi motocin lantarki da ake yayi: hanci a kwance, ba raga, jiki sumul don kada iska ta riƙe su. Abin da ake taƙama da shi yau, shekara 70 da suka wuce ta yi shi.

Baba Bakanike: Wa alaikumus salam. Yaro, ka ce ba ta kama ƙafarta ba? Ita wannan DS ɗin taka, sau nawa ta ɗauki fasinja daga Kaduna zuwa Maiduguri ta juyo washegari? Tun 1975 ake harhaɗa 504 a Kakuri ta Kaduna har 2006, bayan Faransa kanta ta daina yin salun ɗinta tun 1983. Gwamna ya hau, malamin makaranta ya hau, an kai amarya da ita, an kai mara lafiya asibiti da ita. Motar da ta yi wa mutane wannan hidimar ba a ce mata ba ta kama ƙafar kowa ba.

Mai Zane: Allah ya huci zuciyarka Baba. Hidima kam ba wanda zai yi musu. Tambayata ita ce, wane abu ne a jikin 504 da sauran kamfanoni suka gani suka ce dole mu ma mu yi?

Direban Tasha: Ƙarko mana. Wannan ba abin kwaikwayo ba ne?

Malamin Tarihi: Bari in sa baki, don ina ganin abubuwa biyu ake haɗawa. 504 mota ce da aka yi ta da kyau da abubuwan da aka riga aka sani: inji a gaba, farfela, jan baya, sifirin na ƙarfe. Gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci gasar Safari ta Kenya a 1975. Ba ƙaramar mota ba ce. Amma DS da sababbin abubuwa ta zo, kuma da yawa a lokaci guda. Mutum uku ake yawan ambata. Flaminio Bertoni, ɗan Italiya ne, asalin sana'arsa sassaƙa, shi ya fitar da siffarta. André Lefèbvre injiniyan jirgin sama ne kafin ya koma mota, shi ya sa lissafin iska da rabon nauyi suka mamaye aikin. Sai Paul Magès, wanda ya ƙirƙiro tsarin mai da iska da ya maye gurbin sifirin. An fara gwada tsarin nasa a tayoyin bayan Traction Avant, motar Citroën da ta gabaci DS, a 1954, shekara guda kafin DS ta fito da shi a ƙafa huɗu.

Maman Ilham: Don Allah a yi mana bayani a sauƙaƙe. Mota ba sifirin, a kan me take zaune?

Ɗan Damagaram: Hajiya, wannan ni zan amsa, don na yi aiki a kan ƙannenta, BX da Xantia, waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Tsarin ɗaya ne da na DS. Kowace taya tana da ƙwallon ƙarfe a samanta, ya ɗan fi dunƙulen hannu biyu. Cikin ƙwallon an raba shi biyu da faifan roba. Sama iskar naitirojin ce a matse, ƙasa mai ne. In taya ta faɗa rami ko ta hau tudu, sai ta tura man, man ya tura robar, robar ta matse iskar. Iska kuwa tana matsuwa ta dawo a hankali, ba ta yin tsalle irin na ƙarfe. Inji yana juya wani famfo da bel, shi ke ba man ƙarfi. Akwai kuma wani ɗan bawul a gaba da wani a baya da ke auna tsayin motar. In ka loda buhuna a but ta sunkuya, bawul ɗin zai buɗe ya ƙara mai, ka tsaya kana kallo za ta ɗago ta koma daidai inda take. Ka sauke kayan, ta saki man ta dawo.

Abin da ya fi burge ni shi ne da safe. In ta kwana, ƙarfin man ya sauka, za ka same ta kwance cikinta dab da ƙasa, tayoyin baya sun shige cikin bodi. Ka tayar da inji, ka ji famfo yana ƙas, ƙas, sai baya ya fara ɗagawa, sannan gaba ya biyo, yadda raƙumi ke tashi. Yaran unguwa har taruwa suke yi su kalla. Kuma akwai hannu kusa da direba da zai ɗaga ta sama in ya zo wurin ruwa ko yashi. A DS ma, in taya ta yi faci ba ka neman jak. Ka ɗaga ta can ƙoli, ka kafa ɗan ƙarfen da ta zo da shi a gefenta, ka sauke hannun, sai ta janye tayoyin wannan gefen sama da kanta.

Maman Ilham: Ikon Allah. A 1955?

Ɗan Damagaram: A 1955, Hajiya. Kuma a DS man nan ɗaya shi ke yi wa birki aiki, da sitiyari, da kuloci, da sauya giya. Ba ta ma da feda ta birki irin wadda muka sani, wani ɗan maɓalli ne na roba a ƙasa, taɓa shi kaɗan ka ji mota ta kame.

Baba Bakanike: To ka ga inda gizo ke saƙar. Mai ɗaya, famfo ɗaya, komai a kansa. In bututu ɗaya ya tsage fa? 504 in sifirin ya karye a daji, ka ɗaure da katako da roba ka lallaɓa zuwa gari. In birki ya ƙi, giya tana nan. Kowane ɓangare da ransa daban. Mu da muka yi rayuwa a ƙarƙashin mota mun san darajar wannan.

Ɗan Damagaram: Gaskiyarka Baba, sai dai su ma sun yi tunanin haka. An tsara shi ne yadda in mai ya fara zuba, sitiyari ne zai fara nauyi, mota ta sauka, birki ne na ƙarshen mutuwa, don yana da ajiyar ƙarfinsa. Matsalar da na fi gani ba daga motar take ba. Man farko da aka yi amfani da shi ja ne, yana shan danshi, yana kawo tsatsa, shi ya sa wajen 1966 suka koma koren mai da ake kira LHM. Wata rana aka jawo mini wata Xantia da igiya, kwance, ba ta ɗagawa. Na buɗe tankin, maimakon kore sai na ga ruwan ƙasa-ƙasa. Ashe wani ne a hanya ya ga mai ya ragu ya cika da man birki na gama-gari. Duk robobin ciki sun kumbura sun narke, ka taɓa su su manne maka a yatsa. Sai da aka wanke kowane bututu aka sauya kowace roba. Mai motar ya rantse ba zai sake sayen irinta ba, alhali gwangwanin mai ɗaya ne ya kashe ta.

Baba Bakanike: Ai maganata ke nan ka ƙarfafa. Motar da sai an sami mai na musamman da gwani na musamman, ta mutanen birni ce.

Mai Zane: Baba, ban musa ba. Amma jif-jif ɗin da manyanmu ke shiga daji da su yau fa? Lexus LX 470 da wasu Land Cruiser tun 1998 suna da maɓallin ɗagawa da saukewa. A leƙa ƙarƙashinsu, ƙwallayen nan ne na iska da mai. Marsandi wagon mai ɗaukar kaya a baya, ita ma bayanta da irin wannan tsarin take daidaita kanta. Rolls-Royce da kanta sai da ta sayi izini daga Citroën ta sa shi a Silver Shadow a 1965. Range Rover da balan-balan na iska take yi, ba mai ba, amma tunanin ɗaya ne: mota ta riƙe tsayinta komai nauyin kaya, direba ya ɗaga ta in hanya ta ɓaci.

Direban Tasha: Wallahi na sha ganin irin waɗannan jif ɗin sun durƙusa a gareji. Ashe gadon Faransa ne.

Injiniya Zazzau: Ina bin muhawarar tun ɗazu. Ina tare da Mai Zane a rabi, amma kada mu ba DS abin da ba nata ba. Jan gaba ba ita ta kawo ba, Citroën ɗin ma tun 1934 take yinsa a Traction Avant. Kuma salon jan gaba da duniya ta bi ba nata ba ne. Ita injinta a miƙe yake, giya a gabansa, shi ya sa hancinta ya yi tsawo. Wanda ke cikin Golf da Corolla da Civic a gicciye yake, wannan kuwa daga Mini ta Ingila ya taso a 1959, Fiat 128 ta gyara shi a 1969. Siffar da ke yanka iska ma, Tatra 77 ta ƙasar Cek da Chrysler Airflow ta Amurka sun gwada tun 1934. Fitila mai bin sitiyari, Tucker ta Amurka ta yi a 1948, duk da motocin da aka ƙera ba su fi hamsin da ɗoriya ba. Birkin faifai, Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953.

Malamin Tarihi: Duk abin da ka lissafa haka yake, Injiniya. Amma ka lura da ƙarshen kowannensu. Airflow ba ta karɓu a kasuwa ba. Tucker ta mutu a jaririya. Jaguar ɗin motar tsere ce. DS ce ta tattara su a motar da likita da ɗan kasuwa da direban tasi za su saya, aka yi ta shekara 20, daga 1955 zuwa 1975, aka ƙera sama da miliyan 1.4. Ita ce motar farko da aka ƙera da yawa da birkin faifai a gaba. Mai ƙirƙira daban, wanda ya nuna wa masana'anta cewa abin zai sayu daban. Kuma akwai inda kwaikwayon ya fito fili: Rover P6 ta Ingila a 1963 ta ɗauki salon ginin DS, wato a yi ƙwarangwal mai ƙarfi sannan a ɗaura fallayen bodi da noti, kowanne ana iya kwance shi.

Injiniya Zazzau: Na karɓi wannan. In ma za a tambaye ni abin da ya fi muhimmanci a cikinta, ba siffar ba ce, wani abu ne da ba a gani. Birkin bayanta daga man ƙafafun baya yake samun ƙarfi. Ma'ana in ka yi lodi, matsin man ya ƙaru, birkin baya ya ƙara kamawa. In ba kaya, ya sassauta, don kada tayoyin baya su kulle mota ta juya da kai. Duk direban da ya taɓa taka birki da akori-kura ba kaya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ya san abin da nake nufi. Yau kwamfutar mota ce ke wannan rabon tare da ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki. Su da bututu da bawul suka yi shi, ba waya ko ɗaya. A nan nake cire musu hula. Inda suka gaza kuwa inji ne. Sun so su sa mata sabo mai silinda shida, kuɗi da lokaci ba su kai ba, sai suka ɗauko tsohon injin Traction mai silinda huɗu, cc 1911, suka gyara kansa suka saka.

Direban Tasha: To batun fitilar fa? Ni abin da ya dame ni ke nan, don tafiyar dare nake yi.

Mai Zane: A 1967 aka sake mata fuska, aikin Robert Opron. Aka sa fitilu huɗu a bayan gilashi. Biyun ciki an haɗa su da sitiyari da waya da sanduna, in ka karya kwana su ma su juya su haska inda za ka shiga tun kafin hancin mota ya kai. Biyun waje kuma suna daidaita kansu don kada su ɗaga sama in mota ta yi tsalle. A Amurka doka ba ta yarda da su ba, sai da aka cire aka sa na gama-gari. Yau manyan motoci da yawa suna da fitila mai bin kwana, ƙaramin injin lantarki ne ke juya ta. Kuma rufe fitila a bayan gilashi mai bin siffar bodi, yanzu wace mota ce ba haka take ba? Har sigina ta baya, ita a saman rufi ta sa tata, daidai idon direban da ke biye. Fitilar birki ta uku da ake sawa a saman gilashin baya yanzu, hikimar ɗaya ce.

Direban Tasha: Wannan kam da za a sa wa kowace motar haya da an rage asarar rai. Ka shiga kwana da dare fitila tana haska daji, saniya tana tsaye a inda ba ka gani.

Malamin Tarihi: Tunda an zo batun rai, akwai labarin da ya ƙara mata suna. Ranar 22 ga Agustan 1962, 'yan ƙungiyar OAS, waɗanda suka fusata da 'yancin Aljeriya, suka yi wa shugaba Charles de Gaulle kwanton ɓauna a Petit-Clamart, a gefen Paris, yana cikin DS tare da matarsa za su filin jirgin Villacoublay. Aka buɗe mata wuta, harsasai suka huda bodi, tayoyi suka fashe. Direban ya riƙe ta a guje ya fita da su. Ana cewa tsarin ƙafafunta ne ya sa motar ba ta kife ba. Wanda ya shirya harin, Bastien-Thiry, an harbe shi a 1963.

Ɗan Maraɗi: Ni fa ku yi haƙuri, duk wannan yabon Faransa bai kwanta mini ba. Lokacin da suke ƙera motar alfarma, mu me muke hawa? Mun ga mulkinsu, mun ga abin da aka kwasa daga Arlit, garin ma'adinin uranium a Nijar. A yabi ƙarfe, amma kada a manta.

Mai Kula da Zaure: Ɗan'uwa, maganarka tana da wurinta kuma ba wanda ya manta. Amma a nan a tsaya kan mota, don Allah.

Ɗan Maraɗi: Na ji. To a kan motar ma, a ƙauyukanmu 404 da 504 akori-kura ne suka kai gero kasuwa. DS sai dai a Yamai a gaban ofis.

Baba Bakanike: Allah ya yi maka albarka. Kuma ku gaya mini, in tsarin nan ya kai yadda kuke faɗa, me ya sa kamfanin ya durƙushe? Ba Fijo ba ce ta zo ta ɗauke shi?

Malamin Tarihi: Haka ne Baba, a 1974 Citroën ta shiga matsalar kuɗi, Peugeot ta karɓe ta daga hannun Michelin mai taya, aka gama haɗewa a 1976. Sai dai ba DS ce ta kayar da ita ba. Sun zuba kuɗi a injin Wankel mai juyawa wanda bai yi nasara ba, sun sayi kamfanin Maserati na Italiya a 1968, sun daɗe ba su da mota matsakaiciya tsakanin ƙaramar motarsu mai arha, 2CV, da DS, sannan tsadar mai ta 1973 ta faɗo musu. Tsarin mai da iskar kuwa ya ci gaba a CX da BX da XM da Xantia da C5, sai a 2017 aka daina. Abin da ya kashe shi tsada ce, da kuma shokoziba na zamani da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda ke ba da kusan wannan laushin da arha. Sunan DS ma bai mutu ba, tun 2014 ya zama tambari mai zaman kansa.

Injiniya Zazzau: Sunan kawai, Malam. Na yanzu sifirin na ƙarfe ne a ƙarƙashinsu kamar kowa. Kuma akwai abin da masu ƙira na yau suka ƙi ɗauka, wanda ni shi nake baƙin ciki. DS an yi ta ne don ta haɗiye gargada, saboda hanyoyin ƙauyen Faransa bayan yaƙi ba su da kyau. 504 ma haka, ƙafafunta dogaye ne masu laushi, kujera mai kauri. Yau sai a sa wa mota rim inci 19 da taya siririya, a taurare ƙafafu don ta yi kyau a hoto ta kuma riƙe kwana a babban titin Jamus. A kawo ta nan, rami ɗaya rim ya lanƙwashe. A wannan fannin DS da 504 gida ɗaya suke, kuma duka biyun an yi watsi da darasinsu.

Baba Bakanike: Yanzu ka yi magana. Ka zauna a bayan 504 a hanyar da ba kwalta, ka yi barci har a iso. Wannan laushin na Faransa ne, ban taɓa jinsa a wata mota ba. In DS ta fi ta laushi, to lallai sai in yarda an yi aiki. Amma batun gado ban sauka ba. Yaran da na koya wa aiki a kan 504 suna nan da garejinsu, suna ci da iyalansu.

Mai Zane: Wannan gadon ban isa in taɓa shi ba, Baba. Nawa na kan takardar zane ne. A 1999 da aka zaɓi motar ƙarni, Ford Model T ce ta ɗaya, Mini ta biyu, DS ta uku.

Maman Ilham: Ni tambaya ta kawo ni. Jif ɗin maigidana irin mai maɓallin nan ce, kwanan nan ta yi tauri, ko ƙaramin tudu ta hau sai ka ji a ƙugu, tana ta tsalle. An ce a cire tsarin gaba ɗaya a sa sifirin. Ya kuka gani?

Ɗan Damagaram: Hajiya, kada ya yi saurin cirewa. In har tana ɗagawa tana sauka da maɓalli, famfo lafiya lau yake. Tauri da tsalle alamar iskar cikin ƙwallayen ce ta tsere, mai ya cika wurinta, mai kuwa ba ya matsuwa. A sa bakanike ya duba tankin man, ya sauke motar ƙasa ya ga inda man ya tsaya, ya ɗaga ta sama ya sake dubawa. In bambancin kaɗan ne, ƙwallayen sun mutu. A sauya huɗun tare, a zubar da tsohon man, a sa wanda kamfanin ya rubuta a murfin tankin. Kuma ya tsaya a wurin da idonsa lokacin da ake zubawa, ya ga gwangwanin.